Yadda Ake Gano Matsalar Laftop da Gwajin da Kamfani Ya Saka a Cikinta

Tambayoyin da masu laftop suka fi yi kusan iri ɗaya ne: tana mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, tana nauyi, tana kawo shuɗin allo, ko ta kunnu amma ta ƙi shiga Windows. Amsar da aka fi ba su kuma ita ce a yi fomat a sake saka Windows. Idan ciwon a jikin wani sashe na injin yake, fomat ba ya warkar da komai, asarar fayiloli kawai yake jawowa, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Dell, HP, Lenovo ThinkPad da MacBook duk suna zuwa da manhajar gwaji a cikinsu, wadda ke tashi tun kafin Windows ko macOS su buɗe, ta duba ram (ƙwaƙwalwar wucin gadi da injin ke aiki da ita), had disk, batir, fanka, allo da babban bod (farantin da duk sassan ke haɗe a kansa) ɗaya bayan ɗaya. Ba a biyan ko sisi, kuma a galibin laftop ba ta buƙatar intanet. Ga yadda ake bi da ita daki-daki.

1. Tanadi kafin ka fara

Abubuwan da za ka ajiye kusa da kai: cajar laftop ɗin ta asali, waya mai kyamara don ɗaukar hoton allo, filash ko had disk na waje, biro da takarda. Sukudireba ƙarama mai bakin tauraro sai an zo mataki na 9 za a neme ta.

Rubuta yadda matsalar take zuwa. Tana mutuwa ne da an cire caja, ko bayan ta yi minti ashirin tana aiki ta ɗau zafi? Allon yana ɗaukewa ne idan an motsa murfi? Akwai wata ƙara daga ciki? Wannan rubutun shi zai nuna maka gwajin da za ka fi ba ƙarfi, kuma shi za ka gwama da sakamakon daga baya.

Gargaɗi: dogon gwaji yana iya kai awa biyu ko fiye. Ka fara shi lokacin da kake da tabbacin wuta, sola ko inbata, musamman idan batirin ba ya riƙe caji. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gwaji ba ta lalata injin, amma sai ka koma farko.

2. Kwashe fayilolinka tukuna

Idan laftop ɗin tana shiga Windows ko da da ƙyar ne, kwafi muhimman abubuwa zuwa filash kafin komai. Dogon gwajin had disk yana karanta faifan ne daga farko har ƙarshe, kuma had disk ɗin da ya riga ya jigata yana iya ƙarasa mutuwa a wannan karatun.

Gargaɗi: idan kana jin ƙas-ƙas ko ƙarar goga daga ɓangaren had disk, kada ka yi dogon gwaji sam. Kwashe abin da za ka iya, ka kashe ta. Haka nan idan faifan a kulle yake da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, nemo lambar buɗewarsa mai lambobi 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda. Gwajin da kansa ba ya taɓa kullen, amma canza wani saiti a BIOS (manhajar da ke cikin bod mai tayar da injin kafin Windows) ko mayar da faifan cikin wata kwamfuta yana sa a nemi wannan lambar, kuma in babu ita ba mai gyaran da zai iya buɗe maka.

3. Kashe ta gaba ɗaya, ka cire duk abin da aka jona

Cire filash, maus, firinta, katin memori, wayar HDMI da modem. Caja kaɗai za ka bari. Filash mai matsala shi kaɗai yana iya hana kwamfuta tashi, kuma zai rikita sakamakon.

A Windows 10 da 11, danna "Shut down" ba ya kashe injin gaba ɗaya, wani irin barci yake sa shi don ya yi saurin tashi, shi ya sa wasu ke ta danna F2 ko F12 amma su ga Windows ta wuce abinta. Riƙe Shift lokacin da kake danna "Shut down" don ta mutu sosai.

Idan ba ta kunnuwa ma, cire caja, cire batir in mai fita ne ta waje, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ke cikin bod ta sauka. Mayar da caja kaɗai ka gwada. Laftop da yawa da ake ɗauka sun mutu a nan suke farfaɗowa.

4. Shiga gwajin

Kowane kamfani da ƙofarsa. Ƙa'idar ɗaya ce: da ka danna maɓallin kunnawa, fara danna maɓallin da ake so kana saki, kamar sau biyu a daƙiƙa. Kada ka jira sai tambarin kamfani ya ɓace, lokacin ya wuce.

Dell. Danna F12 har jerin zaɓi ya fito, sauka da kibiya zuwa "Diagnostics", ka danna Enter. Wata hanyar ita ce ka danne Fn sannan ka kunna injin. A tsofaffin Latitude da Inspiron sunan manhajar ePSA, a sababbi SupportAssist. Gwajin yana farawa da kansa. Zai nuna layuka masu launi daban-daban ya tambaye ka ko ka gan su, to ka tsaya a gabansa ka amsa, domin in ba ka amsa ba zai rubuta cewa gwajin allo ya faɗi alhali lafiyarsa ƙalau. Fanka za ta yi gudu da ƙara sosai, lasifika za ta yi ƙara, duk cikin gwajin ne.

HP. Danna Esc har jerin farawa ya fito, sannan F2. Za ka ga "System Tests" da "Component Tests". A nan akwai abin da ke rikita masu laftop ɗin tokunbo: cikakkiyar manhajar gwajin HP a wani ƙaramin yanki na had disk take zaune, kuma da an goge faifan duka wajen saka sabuwar Windows sai ta tafi. Abin da zai rage shi ne ɗan gwajin da ke cikin BIOS, na ram da had disk kawai. Idan haka ka gani, sauke HP PC Hardware Diagnostics UEFI daga shafin HP a wata kwamfuta, ka girka ta a kan filash, ka jona filash ɗin, ka sake danna Esc da F2. Injin yana fara duba filash kafin ya duba had disk.

Lenovo. A yawancin ThinkPad, F10 ce ke buɗe Lenovo Diagnostics. In ta ƙi, danna Enter lokacin da tambari ya fito, ka zaɓa daga jerin, ko ka haɗa Fn da F10. IdeaPad da yawa ba su da wannan gwajin na kafin Windows, nasu yana cikin manhajar Lenovo Vantage, ko a sauke na filash daga shafin kamfanin.

MacBook. Mai injin Intel: kunna ka danne D har allon zaɓen harshe ko layin ci gaba ya fito. In ya ƙi, Option da D, wannan yana janyo gwajin ta intanet. Mai injin Apple na M1 da waɗanda suka biyo baya: danne maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓukan farawa su fito, sannan ka riƙe Command da D. Mac ɗin da aka fitar kafin Yunin 2013 tsohon gwaji ne a cikinsu, Apple Hardware Test, amma D ɗin ce dai ke buɗe shi.

Asus da Acer. Galibinsu gwajin yana cikin Windows ne, a MyASUS da Acer Care Center. Idan Windows ba ta tashi, ko an goge waɗannan manhajojin, wuce mataki na 8.

5. Gajeren gwaji da farko, dogon ya biyo baya

A HP zaɓi "Fast Test" a ƙarƙashin "System Tests", kusan minti huɗu yake ci. A Dell zagayen farko da ya fara da kansa shi ne gajeren, kuma idan ya gama zai tambaye ka ko a ci gaba da sauran gwajin ram, wanda ke ɗaukar rabin awa ko fiye. A Lenovo zaɓi "Quick". Na Apple 'yan mintuna ne.

Idan gajeren ya kama matsala, ba sai ka ɓata awanni ba, tafi mataki na 6. Idan bai kama komai ba amma matsalar tana nan, yi dogon: "Extensive Test" a HP, "Extended" a Lenovo, a Dell kuma shiga ɓangaren gwaji mai zurfi ka kunna "Thorough". Dalilin bambancin shi ne gajeren gwajin had disk yana taɓa wasu wurare ne kawai yana kuma karanta rahoton lafiyar da faifan ke rubuta wa kansa, dogon kuwa kowane yanki yake bi. Haka ram: wani lahanin ba ya fitowa sai ta ɗau zafi, a zagaye na biyu ko na uku. Ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, HP na da zaɓin "Loop until error", wanda ke ta maimaita gwajin har sai ya ci karo da kuskure. Bar shi ya kwana yana yi.

Gargaɗi: ɗora laftop ɗin a kan tebur ko katako, ba katifa ko darduma ba. Gwajin yana tura injin iyakar ƙarfinsa, kuma toshe ƙofar iska zai sa ta mutu da zafi ka ɗauka wani ciwon ne. Idan a kan tebur take, a ɗaki mai iska, amma ta mutu a tsakiyar gwaji, wannan ma sakamako ne: zafi ko wuta, kuma ya wanke Windows daga zargi tun da ba ta ma tashi ba.

Gargaɗi na biyu: a cikin Lenovo Diagnostics akwai kayan aikin gyara lalatattun yankunan faifai. Kada ka taɓa shi sai ka kwashe fayilolinka, domin rubutu yake yi a kan faifan.

6. Ɗauki hoton sakamakon, ka karanta lambar

Kada ka danna komai sai ka ɗauki hoton allon. Dell yana ba da lambar matsala mai farawa da 2000, da wata lambar tabbatarwa, da lambar injin mai haruffa bakwai. HP yana ba da "Failure ID" mai haruffa 24. Idan injin yana cikin garanti, waɗannan lambobin kamfani zai nema. In ma babu garanti, su ne hujjarka a gaban mai gyara ko wanda ya sayar maka.

Lambobin Dell da aka fi gani:
2000-0141: ba a ga had disk ba sam.
2000-0142: had disk ya faɗi gwajin kansa.
2000-0122 da 2000-0123: matsalar ram.
2000-0131: ba a ga batir ba.
2000-0132: batir ya kusa ƙare rayuwarsa.
2000-0333: ba ka amsa tambayar launukan allo ba.
2000-0415: wata waya a ciki ba ta jonu daidai ba.
2000-0511: fanka ba ta amsawa yadda ya kamata.

Dubi bambancin 0141 da 0142 da kyau, domin kuɗi ne a tsakaninsu. Ta farko tana iya zama waya ce ta goce ko faifan ya ɗan zame daga mazauninsa bayan faɗuwa, gyaranta ba ya cin komai. Ta biyu faifan ne da bakinsa ya ce ya gaza, kuma ba manhajar da za ta dawo da shi.

HP na nuna wasu lambobi tun wajen tashi. 3F0 na nufin ba a sami abin da za a tashi da shi ba, wato ko faifan bai jonu ba, ko ya mutu, ko Windows ɗin da ke kansa ce ta lalace. Gwajin had disk ne zai raba gardama: in ya wuce "Short DST" da "Long DST" lafiya, faifan garau yake, Windows za a gyara. 301 matsalar had disk ce, 601 batir ya yi rauni, 502 saitin BIOS ya goge, galibi saboda ƙaramin batirin agogo, 90B fanka, 90D kuma injin ya mutu ne saboda zafi. A gwajin batir, HP na rubuta kalma ɗaya kamar "OK", "Calibrate", "Weak" ko "Replace". "Calibrate" ba ta nufin batir ya lalace: a cika shi, a bar shi ya ƙare, a sake cikawa don ma'aunin ya daidaita.

A MacBook, ADP000 na nufin ba a ga matsala ba. Haruffa ukun farko su ke nuna sashen: PPT batir, PPM ram, PPF fanka, PPP caja, VFD allo, VDH ma'ajiyar fayiloli, NDK kibod, NDR wurin shafa yatsa mai aikin maus, CNW Wi-Fi.

7. Idan allon bai kawo komai ba

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi, a sayi sabon allo alhali ram ce, ko a ce bod ya ƙone alhali wayar allo ce ta saki.

Fara da jona laftop ɗin da talabijin ko wani allo ta HDMI. In hoto ya fito a can, injin yana aiki, matsalar tana tsakanin allon da wayarsa. Haska tocilan ɗin waya a kan allon daga kusa: idan kana hango hoto dishi-dishi, fitilar bayan allon ce ta mutu ko wutar da ke kai mata.

Dell na da gwajin allo na musamman. Kashe injin, jona caja, danne D sannan ka danna maɓallin kunnawa. Allon zai riƙa cika da launi ɗaya bayan ɗaya, fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Wannan gwajin ba ya bi ta sashen hoto na bod, don haka idan launukan sun fito tas babu layi babu tabo, allon lafiya yake, a nemi matsalar a wani wuri. Idan layukan da kake gani kullum sun fito a nan ma, allon ne. Sababbin Dell na da makamancinsa na bod: danne M da maɓallin kunnawa, in fitilar batir ta tsaya a ruwan lemo, bod ɗin na da lahani.

Sai ƙirgen ƙiftawar fitila. A Dell na 'yan shekarun nan fitilar caji tana ƙiftawa da ruwan lemo sannan fari, ta ɗan tsaya, ta maimaita. Lemo biyu fari ɗaya, furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin injin. Biyu da uku, ba a ga ram ba. Biyu da huɗu, ram ta lalace. Biyu da bakwai, allo. Uku da ɗaya, ƙaramin batirin agogo. A HP fitilar Caps Lock ce ke magana: a tsofaffi ƙiftawa uku ram ce, biyu BIOS, a sababbi kuma dogaye uku da gajeru biyu ram, dogaye biyu da gajeru biyu BIOS. Ga matsalar BIOS a HP, kashe injin, danne maɓallin Windows da B tare, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyu zuwa uku, ka ci gaba da riƙe su har allon farfaɗo da BIOS ya fito.

Gargaɗi: ɗauki bidiyon ƙiftawar ka ƙirga a hankali, ido yana ruɗuwa. Ma'anar ƙirgen tana bambanta tsakanin samfuri, don haka nemi littafin gyaran samfurinka a shafin kamfanin ka tabbatar. Kuma idan farfaɗo da BIOS ya fara, kada ka cire caja ko ka kashe injin har ya gama. Wannan shi ne wuri guda a duk aikin da yankewar wuta ke iya kashe bod.

8. Gwaje-gwajen da ke cikin Windows

Waɗannan na kowace laftop ne, ko wane kamfani ya ƙera ta.

Ram: danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched.exe, zaɓi a sake kunnawa yanzu. A shuɗin allon da zai fito, F1 na ba ka damar zaɓen "Extended", F10 ta tabbatar. Sakamakon yakan bayyana na ɗan lokaci bayan Windows ta buɗe ya ɓace. In ya wuce ka, buɗe Event Viewer, shiga "Windows Logs", sannan "System", nemi "MemoryDiagnostics-Results". Wanda ke son gwaji mai tsanani ya saka MemTest86 a filash ya bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ko guda ɗaya ne a ram, kuskure ne, babu wani "kaɗan ne".

Batir: buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, rubuta powercfg /batteryreport. Zai gaya maka inda ya ajiye rahoton. Buɗe shi ka gwama "Design capacity" da "Full charge capacity". Misali, in na farko 45,000 ne na biyu 18,000, batirin kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa na asali yake riƙewa. Ƙasa da rabi, lokacin canji ya yi.

Faifai: a PowerShell, wata tagar umarnin ta Windows, rubuta Get-PhysicalDisk ka duba "HealthStatus". Wannan amsar a dunƙule take. CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna awannin da faifan ya yi yana aiki da yawan yankunan da suka lalace. In ta nuna "Caution" da launin rawaya, kwashe fayiloli a ranar.

Tarihin matsala: rubuta perfmon /rel a akwatin Windows da R. Zai fito da jadawalin ranaku, da jan alama a duk ranar da wani abu ya faɗi. Idan jajayen alamun sun fara ne a ranar da aka saka wata manhaja ko sabon direba (manhajar da ke sarrafa wani sashe na injin), ga mai laifin nan.

9. Tabbatar kafin ka sayi komai

Gwajin ya ce sashe kaza ya faɗi, to amma wani lokacin mahaɗarsa ce ta yi datti ko ta saki. Kafin buɗewa: kashe injin, cire caja, taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jikinka, abin da ya fi muhimmanci a lokacin hunturu da iska ke bushe. Da ka ɗaga murfin ƙasa, abu na farko shi ne zare wayar batir daga bod. Jera sukurori a kan takarda yadda ka cire su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana huda bod ko ya ɓullo ta saman kibod. Injin da ke cikin garanti, a bar wa kamfani.

Ram. Buɗe 'yan ƙarafan da ke riƙe da ita ta gefe biyu, za ta ɗago da kanta a karkace, ka zare. Goge bakin zinaren da kilina ta fensir a hankali, share ɓurɓushin, mayar da ita a karkace ka danna har ka ji ƙas. Idan guda biyu ne, gwada kowace ita kaɗai, a kowane mazauni. In kuskuren yana bin ram ɗin duk inda aka kai ta, ita ce. In yana tsayawa a mazauni ɗaya ko wace aka saka, bod ne. Wajen saye, karanta takardar da ke jikin tsohuwar: DDR4 ba ta shiga mazaunin DDR3, kuma DDR3 mai 1.5V tana shiga mazaunin DDR3L mai 1.35V lafiya lau amma injin da ke buƙatar DDR3L yana iya ƙin tashi da ita. Wannan kuskuren ya zama ruwan dare. Sirararan laftop da MacBook da yawa kuma ram ɗinsu a liƙe take da bod, ba a zare ta.

Faifai. Zare, mayar, sake gwaji. In za a canja, sayi SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyi, maimakon had disk mai juyi, amma duba irin mazaunin: akwai mai inci 2.5, akwai siririn M.2, shi ma kala biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane bod ke karɓar duka biyun ba.

Fanka. Ƙurar hunturu tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita, ta dunƙule kamar auduga, har ka iya ɗago ta da tsinke a dunƙule guda. Riƙe fikafikan fanka da yatsa kafin ka hura iska, kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Kada ka hura da baki, danshi ne. Idan an ɗaga ƙarfen sanyaya furosesa, dole a goge tsohon man zafi tas a sa sabo, ɗigo ɗaya ƙarami a tsakiya.

Caja. Dell da HP suna gane cajarsu ta siririn tsinken da ke tsakiyar bakin. A Dell danna F2 ka shiga BIOS, duba bayanin caja: in ya nuna ƙarfin cajar, kamar 65W ko 90W, daidai ne. In ya ce "Unknown", tsinken ya karye, ko cajar jabu ce, ko ramin caji ya lalace. A wannan halin injin yana ƙin cajin batir, yana kuma rage gudun furosesa da gangan. Mutane da yawa sun sayi sabon batir, wasu har sun ƙara ram saboda nauyi, alhali caja ce. Ari ta asali ka gwada tukuna.

Gargaɗi: idan wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Daina caji, kada ka danna shi, kada ka huda shi, kada ka bar shi a rana ko cikin mota. A cire shi kafin a ci gaba da kowane gwaji.

10. Idan gwajin ya ce komai lafiya

Wucewa gwaji ba shedar cikakkiyar lafiya ba ce. Ba ya ganin wayar allo da ke sakin jiki sai an motsa murfi, ko ramin caji mai rawa, ko dalmar da ta tsage wadda ba ta rabuwa sai da zafi, ko tsatsar ruwan da ya taɓa zubewa. Koma ga abin da ka rubuta a mataki na 1 ka sake ƙirƙiro yanayin: motsa murfin a hankali gwajin yana gudana, girgiza bakin caja kana kallon fitila, yi gwajin sau ɗaya da caja sau ɗaya da batir kaɗai.

Idan dogon gwaji ya wuce sau biyu, injin bai mutu a cikinsa ba, kuma matsalar a cikin Windows kaɗai take bayyana, yanzu ne maganar manhaja ta taso. Shiga "Safe Mode", inda Windows ke tashi da muhimman manhajojinta kaɗai, ka gani ko matsalar tana nan, cire direban da aka saka na ƙarshe, gudanar da sfc /scannow a Command Prompt da izinin mai gudanarwa. Fomat shi ne na ƙarshe a layi.

11. Kuɗin gyara da sayen ta hannu

Farashin kaya yana bin dala, don haka tsarinsu ya fi amfani a riƙe. Mafi araha shi ne ƙaramin batirin agogo, galibi CR2032, sai share fanka da canja man zafi, sai ram da caja, sai SSD da batir, sai allo, bod kuma shi ne ƙololuwa. A tsohuwar laftop, idan kuɗin bod ya haura rabin kuɗin irinta a kasuwa, ya fi a cire SSD da ram a sayi wata. Wajen mai gyara, nuna masa hoton lambar, ka nemi a ba ka tsohon sashen da aka cire, kuma a sake gwajin a gabanka kafin ka biya.

Wannan gwajin yana da rana ta biyu, ranar sayen tokunbo, ko a Beirut Road da Farm Centre a Kano ne ko a Computer Village da ke Ikeja. Kafin ciniki ya faɗa, kashe injin ka shiga gwajin da hannunka, ka bar gajeren ya kai ƙarshe. Ciro rahoton batir, kada ka tsaya ga "yana yin awa huɗu". Gwada kowane maɓalli a gwajin kibod, jona filash a kowace kafa. Shiga BIOS ka ga ko yana neman kalmar sirri, domin injinan da suka fito daga kamfanonin waje sukan zo a kulle, kuma a ThinkPad cire wannan kullen aikin bod ne. Gwama lambar injin da BIOS ya nuna da wadda ke manne a ƙasan laftop ɗin: in sun saɓa, an canja bod ko murfi, sai mai kaya ya yi bayani. A MacBook kuma, a tabbatar tsohon mai ita ya fita daga asusunsa na Apple kuma an kashe Find My, tsarin Apple na nemo na'urar da ta ɓata, a gabanka, in ba haka ba ranar da aka goge ta za ta kulle ta nemi kalmar sirrin mutumin da ba ka san inda yake ba.